Sukari ko ƙwayar zaƙi: wanne ya fi aminci ga mai ciwon sukari?

Wata 'yar'uwarmu a wannan zaure, daga Aboabo a Kumasi, ta kawo tambaya. An gano maigidanta yana da ciwon sukari, a asibiti aka ce ya rage sukari, sai ta sayo masa ƙananan ƙwayoyin nan masu zaƙi da ake jefawa a shayi. Yanzu kuma dangi na ta turo mata saƙonni a WhatsApp cewa ƙwayoyin na kawo ciwon daji, gara ya koma wa sukarinsa. Tana son sanin wanne ya fi haɗari.

Hajiya, Allah ya ba Alhaji lafiya. Ga mai ciwon sukari, ƙwayar zaƙi mai rajista, in ana shanta daidai misali, ta fi cokali uku na sukari a kowane kofi aminci, nesa ba kusa ba. Sai dai ba magani ba ce, kuma akwai wurare biyu da in aka sa ta a gurbin sukari za a iya rasa rai. Za mu zo kansu.

Mu fara da sukari, tunda shi aka saba da shi har an daina jin tsoronsa. Cokalin shayi ɗaya a shafe giram 4 ne, kalori 16. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana. Ga babba, wannan wajen giram 50 ne, wato cokali 12, kuma ta ce in aka iya saukowa zuwa cokali 6 ya fi. To ki lissafa ranar ɗan Zongo. Koko da safe cokali uku ko huɗu, kuma mai koko ba a shafe take ɗebowa ba. Lemun kwalba na gama-gari yana da wajen giram 10 a kowace mililita 100, don haka gwangwani ɗaya mai mililita 330 ya kai cokali takwas. Ga sobolo (zoɓo) ko burkina (gero da nono) da rana, ga ataya da dare zagaye uku, kowane zagaye da nasa sukarin. Madarar gwangwani mai kauri fiye da rabinta sukari ne. Kafin la'asar mutum ya wuce iyakar ba tare da ya taɓa alewa ba. Illar wannan kuwa ba zato ake ba: ruɓewar haƙora, ƙiba, kitse a hanta, sannan ga wanda ciwon ya riga ya kama, hauhawar sukarin jini da ke cin ƙoda, idanu da jijiyoyin ƙafa a hankali. Shi ya sa ma gwamnatin Gana ta ɗora harajin kashi 20 cikin 100 a kan abubuwan sha masu zaƙi a 2023.

Ƙwayoyin zaƙi kuma ba abu ɗaya ba ne, kuma nan ne saƙonnin WhatsApp ke rikita mutane. Ki juya kwalin ki duba lambar da ke jiki. E951 asfatem ne, ya ninka sukari zaƙi wajen sau 200. E954 sakarin ne, mafi tsufansu, tun 1879 aka gano shi, zaƙinsa wajen sau 300, kuma yana barin ɗaci a maƙogwaro. E955 sukuralos ne, sau 600. E950 asesulfem ne, galibi ana haɗa shi da asfatem a lemun da aka rubuta babu sukari. E960 sitibiya ce, daga ganye ake tatso ta. Da yake zaƙinsu ya yi yawa, ɗan ƙanƙani ake bukata, shi ya sa kalorinsu bai taka kara ya karya ba, kuma ba sa ɗaga sukarin jini bayan an sha kamar yadda sukari ke yi.

Kowannensu yana da iyakar da masana suka ƙayyade, gwargwadon nauyin jiki, wadda mutum zai iya sha kullum har ƙarshen rayuwarsa. Ta asfatem miligiram 40 ce a kowane kilo. Idan Alhaji kilo 70 ne, iyakarsa miligiram 2,800 ke nan. Zaƙin cokali ɗaya na sukari bai wuce miligiram 20 na asfatem ba, don haka sai ya sha wajen ƙwaya 140 a yini kafin ya kai wurin. Mai jefa biyu a shayin safe da biyu a na dare bai ko kama hanya ba. Ga bambancin da ya kamata ki riƙe: iyakar sukari kullum muna tsallake ta, iyakar asfatem kuwa da wuya mai sha a gida ya kai rubu'inta.

Batun ciwon daji yana da tushe, ba ƙirƙirarsa aka yi ba, amma an yanke masa rabi. A watan Yuli na 2023 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke Liyon a Faransa, ta sa asfatem a rukunin 2B, wato abin da mai yiwuwa ne ya haddasa ciwon amma hujjar ba ta da ƙarfi. Rukunin yana auna ƙarfin hujja ne, ba girman haɗari ba. A rana guda ɗin, kwamitin da ke tsayar da iyakar sha ya duba hujjojin ya bar iyakar yadda take, ya ce mai kilo 70 sai ya wuce gwangwani 9 zuwa 14 na lemun a rana kafin ya haura ta. Wannan rabin ne ba a turowa. Sakarin ma ya sha irin wannan zargi a shekarun 1970, lokacin da ɓerayen da aka ɗura wa shi da yawa suka kamu da dajin mafitsara. Daga baya aka gano hanyar da abin ke faruwa ta keɓanta ga fitsarin ɓera, kuma Amurka ta cire shi daga jerin abubuwan zargi a 2000. Abin da ke ba mu takaici shi ne, wanda ke tsorata ki da ƙwayar shayi ba ya cewa komai kan gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, alhali gubar da ke cikinsu tana rukunin farko tare da taba da giya, kuma an tabbatar tana kawo dajin hanta. In ana neman abin tsoro a kicin, nan za a fara dubawa.

Wannan ba ya nufin an wanke su tas. A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da su don rage ƙiba, domin a tsawon lokaci ba a ga sun rage kitsen jiki ba, kuma a binciken da aka bi mutane shekaru an ga masu yawan shansu sun ɗan fi kamuwa da ciwon sukari da na zuciya. Ɗaya daga cikin manyan binciken a Faransa aka yi shi, kan mutum sama da 100,000, aka buga a 2022. Irin wannan bincike yana da rauni guda: sau da yawa wanda ya riga ya yi ƙiba ko likita ya gargaɗe shi ne ke komawa ƙwayar zaƙi, to ba a rabe ko ita ta kawo ciwon ko ciwon ne ya kai shi gare ta. Wani gwajin na 2022 a Isra'ila, kan mutum 120, ya nuna sakarin da sukuralos sun sauya ƙananan halittun da ke zaune a hanji da yadda jikin wasu ke sarrafa sukari cikin mako biyu. Ƙaramin gwaji ne, amma ya isa ya hana mu cewa a sha ba ƙaidi. Sai ki lura da abu ɗaya: Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce shawarar nan ta 2023 ba ta shafi waɗanda suka riga suka kamu da ciwon sukari ba. Alhaji na cikinsu.

Ta wajen haƙora, ƙwayar zaƙi ce ta yi nasara, domin ƙwayoyin cutar baki ba sa iya cinta su fitar da tsamin da ke huda haƙori. Amma lemun kwalba marar sukari yana da tsamin kansa, yana kuma zaizaye haƙori in an mayar da shi ruwan sha.

Wajen girki kuwa sukari ne gwani. Yana ba ƙullu jiki, yana ciyar da yis, shi ke sa fanke da burodi su yi ja. In kika cire shi gaba ɗaya za ki samu abu fari, busasshe. Asfatem ba ya jure wuta, zaƙinsa na gudu in an daɗe ana dafa shi, don haka sai an sauke koko ko shayi an zuba a kofi sannan a jefa. Sakarin da asesulfem suna jure tafasa. Sukuralos ya yi a abin sha mai zafi, amma hukumar tantance haɗarin abinci ta Jamus ta ja kunne a 2019 kan kai shi sama da digiri 120, don haka kada a soya ko a gasa da shi. Akwai kuma wani dangin daban, irin su sobitol, E420, da zailitol, E967, da ake samu a cingam da biskit ɗin masu ciwon sukari. Waɗannan suna da kalori, kuma in an ci da yawa suna kawo kumburin ciki da gudawa. Biskit ɗin kansa fulawa ce da mai, rubutun babu sukari bai canja wannan ba.

Inda muke da damuwa ta gaske shi ne farin garin nan da ake ƙullawa a leda a kasuwa, babu suna, babu lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, wanda wasu masu sana'ar sobolo da lamurji ke sa wa don sukari ya yi tsada. Galibi ana kiransa sakarin, amma babu mai iya rantsuwa a kan abin da ke ciki. Giram ɗaya na tsantsar sakarin ya kai zaƙin giram 300 na sukari, abu ne da ba a auna shi da ido ko da bakin cokali. Iyakarsa a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya miligiram 5 ce a kowane kilo, to yaro mai kilo 20 nasa miligiram 100 ne kacal, kashi ɗaya cikin goma na giram. Alamarsa zaƙi mai kaifi da ɗaci-ɗaci kamar ƙarfe da ke daɗewa a harshe. Iyayenmu masu sana'a, mun san halin da kasuwa ke ciki, amma yara 'yan makaranta ne ke shan kayan nan. Ku sayi mai rajista, ku bi awon da ke jikin kwali, ku gaya wa mai saye.

Yanzu ga wurare biyun da muka ambata. Na farko, faɗuwar sukarin jini. Idan Alhaji na kan allurar insulin ko ƙwayoyi irin su glibenclamide da gliclazide, wata rana sukarinsa na iya sauka ƙasa da 4 a na'urar gwaji mai awon mmol/L, musamman in ya makara cin abinci ko yana azumi. Za ki ga zufa, rawar jiki, yunwa mai tsanani, rikicewar magana. A lokacin nan sukari na gaske ake so, giram 15: cokalin shayi huɗu a ruwa, ko rabin kofi na lemun kwalba mai sukari. A jira minti 15 a sake gwadawa, in bai haura ba a maimaita, in ya haura a bi da abinci. Ƙwayar zaƙi ko lemu marar sukari ba za su yi komai ba, za a ɓata lokaci ne kawai. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Don haka kada ki raba gidan da sukari gaba ɗaya, kuma ya riƙa yawo da dunƙulen sukari na gaske guda huɗu a aljihu. Ko yana azumi ne, in ta kai haka ya karya azumin ya sha sukarin.

Na biyu, ruwan gishiri da sukari na mai gudawa. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar ruwa biyu, cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri. Sukarin nan ba don daɗi aka sa shi ba, shi ke jan gishiri da ruwa su ratsa bangon hanji su shiga jini. In aka musanya shi da ƙwayar zaƙi, haɗin ya tashi aiki.

Akwai waɗanda ba mu so a ba su ko ɗaya. Yaro ƙasa da shekara biyu ba ya bukatar ƙarin sukari, ba ya bukatar ƙwayar zaƙi. Masu wata cutar gado da ba ta da yawa, PKU, an hana su asfatem kwatakwata, shi ya sa ake rubuta gargaɗi a jikin gwangwani. Mai ciki ta tambayi ungozoma ko likitanta, kuma ta kauce wa sakarin tunda yana ratsa mabiyiya. Wanda ya lura kansa na ciwo duk lokacin da ya sha wani iri, ya canja zuwa wani. Zuma kuma, da ake yawan cewa a koma mata, kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, tana ɗaga na jini, dabino ma sai da ƙidaya.

Ga yadda za ki tafiyar da shi a gida. Ƙwaya ɗaya galibi tana daidai da cokali ɗaya na sukari, amma ki duba kwali. Idan ya saba da cokali uku, ki fara masa da ƙwaya biyu, bayan mako biyu ki koma ɗaya, ki ƙara citta, kanumfari ko na'ana'a su rufe giɓin. Harshe na sabawa cikin 'yan makonni, kuma da yawa kan kai inda ba sa neman zaƙin ma. Sannan kada ki manta kokon kansa gero ne, jiki na mayar da shi sukari ko ba a sa masa komai ba. Babban kofi da burodi zai ɗaga masa sukari ko da ƙwayar zaƙi aka sha shi, ƙaramin kofi da ƙosai ko ƙwai ya fi masa. Ki gwada shi kafin ya karya da kuma awa biyu bayan ya fara ci. Ga yawancin masu ciwon ana son na farko ya tsaya tsakanin 4.4 da 7.2, na biyu kada ya kai 10. Ki rubuta lambobin na mako guda tare da abin da ya ci, ku tafi da takardar da kwalin ƙwayar ranar da zai koma ganin likita.