Tsohon jarumi ko tsohon darakta: wa kakar kyaututtuka ta fi yi wa rana?

Ɗan'uwa, ka tambaya cewa idan kakar rabon kyaututtukan fim ta kama, wa tsufa ya fi yi wa amfani, jarumi ko darakta. Ni dai a ganina jarumi ne, kuma tazarar ba kaɗan ba ce.

Fara da lissafin kujeru. A gasar Oscar, 'yan wasa na da rukuni huɗu: babban jarumi, babbar jaruma, da mataimakan kowannensu. Gurbi 20 ke nan duk shekara. Daraktoci kuwa biyar kacal ake tsayarwa. Tsohon da aka daina ba shi jan ragamar fim yana iya shigowa ta ƙofar mataimaki, ya fito na 'yan mintuna, ya tafi da kyauta. Ta nan Christopher Plummer ya ci a 2012 yana da shekara 82, aka sake tsayar da shi a 2018 yana da 88. Darakta ba shi da irin wannan ƙofar, ko dai ya ɗauki fim ɗin gaba ɗaya a ka, ko ya zauna a gida.

Sai kuma su wa ke jefa ƙuri'a. A zagayen farko kowane reshe na ƙungiyar da ke ba da kyautar ne ke fitar da nasa, 'yan wasa su zaɓi 'yan wasa, daraktoci su zaɓi daraktoci. A zagayen ƙarshe kowa na zaɓe, kuma reshen 'yan wasa shi ne mafi yawan mutane. Sun san zafin a daina kiran mutum aiki, don haka tausayin tsohon abokin sana'a ba ya yi musu wuya.

Amma babban dalilin shi ne tsufan jarumi ana ganinsa da ido. Tamojin fuska, rawar hannu, muryar da ta dushe, duk kayan aiki ne. Anthony Hopkins ya ci a 2021 yana da shekara 83, ya fito a matsayin dattijon da mantuwa ke cinye wa hankali, har ya koma yana kuka yana neman mahaifiyarsa. Babu kwalliyar da za ta ba ɗan shekara 40 wannan. A daren ma ba ya zauren, yana Wales yana barci, kuma kusan kowa ya ɗauka marigayi Chadwick Boseman za a ba. Shi kuwa darakta, gwanintar shekarunsa a ɓoye take: inda ya dasa kyamara, inda ya yanke, abin da ya ƙi nunawa. Mai kallo yana jin daɗin abin, sai ya yaba wa wanda ya gani a allo.

Shi ya sa tarihin daraktoci ya fi ɗaci. Clint Eastwood ne mafi tsufa da ya ci kyautar darakta, a 2005 yana da 74. Wanda ya kayar a ranar, Martin Scorsese, sai a tsayawarsa ta shida ya samu, a 2007, manyan daraktoci Coppola da Lucas da Spielberg suka miƙa masa. Da yawa na ganin bashi aka biya, domin finafinansa na baya sun fi wanda aka ba shi a kai. Alfred Hitchcock da Robert Altman kowanne an tsayar da shi sau biyar, babu wanda ya ci.

Kada ka ɗauka jarumai duk sun tsira. Peter O'Toole sau takwas yana tsayawa yana faɗuwa. Mata kuma lamarinsu daban ne, don rawar kirki takan ƙafe musu da wuri. Jessica Tandy da ta ci a 1990 tana da shekara 80 ba irinta ce ta cika ba.

Akwai kyautar karramawa, wadda ni nake kallo a matsayin ban-haƙuri. Ko a nan jarumi ya fi sa'a: Henry Fonda ya karɓe ta a 1981 ya ci ta gasa a 1982, Paul Newman ya karɓa a 1986 ya ci a 1987. Darakta kuwa sau da yawa sallama ce. Satyajit Ray a gadon asibiti ya karɓi tasa a 1992, makonni kaɗan kafin rasuwarsa. Tun 2009 ma aka cire ta daga babban daren, aka mayar da ita wata liyafa ta daban.

Inda darakta ya fi jarumi shi ne 'yancin ƙirƙiro wa kansa aiki, ba sai ya jira a rubuto masa rawa ba. Sai dai masu kuɗi da kamfanonin inshora ba sa kallon tarihi, lafiya suke kallo. A fim ɗin Altman na ƙarshe, sai da aka ajiye wani darakta, Paul Thomas Anderson, a gefe ko da ta-kwana kafin aikin ya yiwu. Fim ɗin ya fita a 2006, shekarar da aka karrama Altman, a Nuwambanta kuma ya rasu.