Fitilar tsohon babur ta dusashe: goge mahaɗar wayoyi ko sa rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa?

Kafin a zaɓi ɗaya, a kunna fitila, a ɗora mita mai auna bolt tsakanin fozitif na batir da bayan ƙwai. Idan asarar ta haura rabin bolt, wuta na ɓacewa a hanya. A babur mai bolt 6 abin ya fi tsanani: ƙwai mai wat 35 yana jan kusan amfiya 6, kuma raguwar bolt da kashi 10 cikin ɗari tana cinye kusan kashi 30 na haske.

Gogewa ita ce gyaran asali. A zare kowace mahaɗa, a kankare koren tsatsa da sampefa mai laushi, a matse bakin da ya saki, a buɗe makunni a tsabtace shi. Inda aka fi mantawa shi ne hanyar komawar wuta: babura da yawa suna bi da ita ta boris ɗin wuyan babur, cikin giris da datti. A ja waya dabam daga kwanon fitila zuwa nagetif, sau da yawa nan take haske ke dawowa.

Rile kuwa gajeriyar hanya ce. Waya mai kauri daga batir, da fis na amfiya 10, zuwa ƙafar rile mai lamba 30. Ƙafa 87 zuwa ƙwai. Tsohon makunni ya riƙa tayar da ƙafa 85 da 86 kawai, masu kunna rilen. Yana hutar da makunni, amma ba ya warkar da ruɓaɓɓiyar waya, ɓoye ta yake yi. Kuma babur ɗin da fitilarsa ke shan wuta kai tsaye daga kwayil ɗin inji, ba daga batir ba, rile na yau da kullum sai kakkarwa zai yi ta yi.