Etymonline: na gwada shi da kalmar mob

Masu tambayar inda za su riƙa duba asalin kalmomin Turanci, ni dai Etymonline nake tura mutane. Shafi ne na kyauta a intanet, wani Ba'amurke Douglas Harper ya kafa shi a 2001, kuma akwai manhajarsa ta waya.

Ku ɗauki kalmar mob, wadda 'yan jarida ke sawa in gungun mutane suka fusata suka ɗau doka a hannunsu. Kana rubuta ta zai nuna maka ashe gutsure ce daga Latin, mobile vulgus, wato talakawa marasa tsayayyen ra'ayi, yau suna nan gobe an juya su can, Turawan Ingila suka datse ta wajajen shekarun 1680 ta koma mob. Kenan tun farko kalmar raini ce ga talaka. Marubucin nan Jonathan Swift ma sai da ya yi ƙorafi a kanta a 1710, wai irin wannan datse-datsen ɓata harshe ne, amma ina, ta riga ta zauna. Shafin zai bi da kai har 1839 da aka fara kiran gungun ɓarayi da 'yan sane da ita, sai 1927 a Amurka ta zama sunan manyan ƙungiyoyin masu aikata laifi irin su Mafia. Abin da ya fi burge ni shine a Ostireliya da Niyu Zilan ana kiran taro da ita ba tare da zagi ba.

To amma fa ba ƙamus ɗin koyon magana bane. Ba zai zaunar da kai ya ce kar ka kira mahalarta ɗaurin aure mob ba, crowd ake cewa in ba rigima kake nema ba, wannan sai ka haɗa da ƙamus ɗin Oxford ko na Merriam-Webster. Turancin bayanan ma yana da ɗan nauyi, ga gajerun alamomi irin su c. (wato wajajen shekara kaza) da PIE (tsohon harshen da ake ganin shine tushen Turanci da Latin) da sai ka saba. Shekarun da yake bayarwa kuma na lokacin da aka fara ganin kalmar a rubuce ne, ba ranar da aka fara furta ta ba.

Malaman Turanci da masu fassara, wallahi zai muku amfani sosai. Ɗalibi mai fara koyo kuwa ya fara da ƙamus na yau da kullum tukuna.