Blue Business Cash ko Ink Business Cash: amsa ga ɗan'uwa mai sabon kanti a Bronx

Assalamu alaikum. Malam, Allah ya sanya albarka a sabon kanti, ya kawo kasuwa mai amfani. Tsakanin katunan bashi biyu da ka ambata, wato Blue Business Cash na American Express da Ink Business Cash na bankin Chase, shawarata ita ce ka ɗauki na farkon, kuma ina faɗin haka ne a matsayina na wanda ya shekara huɗu yana sarin kayan abinci da shi a nan Bronx, cikin birnin New York.

Abin da ake kira kashbak kamar gyara yake a wurin mai awo: ka sayi mudu, a ƙara maka ɗan abu a kai. Sai dai kowane kati da irin ma'aunin da yake yin gyaran da shi. Blue Business Cash yana mayar maka da kashi 2 cikin 100 na duk abin da ka saya, ko shinkafa ce ko ledar zuba kaya ko gyaran firji, har ka kai dala 50,000 a cikin shekara, daga nan ya koma kashi 1. Ink Business Cash kuwa yana ba da kashi 5 a shagunan kayan ofis da kuɗin waya da intanet da talabijin na kebul, a kan dala 25,000 ta farko a shekara, sannan kashi 2 a gidajen mai da gidajen abinci a kan wata dala 25,000, duk sauran sayayya kuma kashi 1 ne kacal. Dukansu biyu ba a biyan kuɗin shekara a kansu.

Na san kashi 5 ɗin nan ne ya ja hankalinka, domin shi ake rubutawa da manyan baƙaƙe a talla. Amma ka ɗauko rasitanka na watan jiya ka baje su a kan kanta, ka duba inda kuɗinka yake tafiya. Mai kanti irin namu, kusan duk abin da yake kashewa a haja yake tafiya: buhunan shinkafa, jarkokin manja da man gyaɗa, garin rogo, gero, busasshen kifi, katan-katan na tumatirin gwangwani da madara. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya faɗa rukunin kashi 5 ko na kashi 2 a katin Chase. Bari mu ɗauka a shekara za ka kashe dala 40,000 da kati, 36,000 a sari, 2,400 a waya da intanet, 1,600 a man mota. Ink Business Cash zai ba ka dala 360 a kan sarin, 120 a kan waya da intanet, 32 a kan mai, jimilla 512. Blue Business Cash zai ba ka dala 800 ba tare da ka tsaya tunanin wane shago ka shiga ba. Tazarar dala 288 ce, kuma tana ƙara faɗi ne duk lokacin da sarinka ya ƙaru, har zuwa iyakar da na ambata.

Ni abin da ya sa na riƙe katin nan hannu bibbiyu ya faru ne a azumin farko bayan na karɓe shi. A ƙarshen Sha'aban na yi sari mafi girma a shekarar, kusan dala 9,000, na dabino da gero da sukari da man girki da lemun kwalba, domin kowa ya san yadda kanti yake cika bayan la'asar a wannan wata. Na yi sayayyar ne kwana ɗaya bayan an rufe lissafin watan da ya gabata, saboda haka na samu kusan kwana 50 kafin ranar biya ta iso. Kafin a shiga goman ƙarshe kayan sun kusa ƙarewa, kuɗin kuma yana asusun kanti yana jiran ranarsa. A da, irin wannan sarin sai na ranto daga wani ɗan'uwa ko na roƙi dila ya yi mini haƙuri zuwa bayan Sallah, kuma wanda ya taɓa tsayawa gaban dila yana neman alfarma ya san nauyin da ke cikin haka. Wani dare bayan tarawihi, ina zaune a bayan kanta da gwangwanin biskit ɗin da nake tara rasit a ciki, na ga an rage dala 180 daga abin da ake bi na, ba tare da na cike wata takarda ko na danna wani abu ba. Katin da kansa yake zuba kashbak ɗin a cikin lissafin wata. Kuɗin ba shi da yawa, amma daidai yake da ribar buhunan shinkafa da dama da zan ɗauka a kafaɗa daga mota zuwa sito.

Shi kuwa Ink Business Cash, kati ne mai kyau ga wanda yake da ofis, kamar mai cike wa mutane takardun haraji ko mai sayar da tikitin jirgi, wanda takarda da tawadar firinta da layukan waya suke cinye kuɗinsa. Ko a nan ma akwai abin lura, domin banki ba ya duba abin da ka saya, lambar rukunin shagon da ka saya a ciki yake dubawa, don haka takardar firinta da ka haɗa da sauran kaya a babban kantin masarufi kashi 1 za ta kawo maka. Ga mai sayar da abinci, ban ga dalilin da zai sa ya zama katinka na farko ba.

Ba zan ɓoye maka inda nawa yake da rauni ba. Ba kowane dila ne yake karɓar American Express ba, musamman ƙananan 'yan kasuwar da ke shigo da kayan Afirka, kuma a manyan shagunan sari na Costco da ke Amurka katin bashi na Visa kaɗai ake karɓa tun 2016. Katunan Ink na Chase duk Visa ne, wannan kuwa fifiko ne na gaske. Idan ka tarar manyan dilolinka ba sa karɓar American Express, to ko a Chase ɗin ma wanda ya dace da kai shi ne Ink Business Unlimited, mai ba da kashi ɗaya da rabi a kan komai ba tare da iyaka ba. Shi ne kuma zai fi maka idan Allah ya buɗa kasuwa har sayayyarka ta kati ta haura dala 100,000 a shekara, domin a daidai wannan adadin ne shi da Blue Business Cash suke yin kunnen doki a dala 1,500, daga nan kuma na Chase ya wuce gaba.

Akwai dilolin da suke ƙara kashi 3 cikin 100 a kan farashi idan da kati za ka biya. A irin wannan wuri ka mayar da katin aljihu ka rubuta cek, domin ba hikima ba ce ka biya uku don a mayar maka da biyu. Haka nan idan kana sayo kaya kai tsaye daga waje, ko daga Dubai ko daga Accra ko daga Kano, dukansu biyu suna cajin kuɗin mu'amalar ƙetare, na American Express kashi 2.7, na Chase kashi 3, wanda ya riga ya cinye kashbak ɗin tun kafin kayan su iso.

Yanzu ga maganar da ta fi duk lissafin nan nauyi a wurina, wato kuɗin ruwa. Duk amfanin katin ya rataya ne a kan sharaɗi ɗaya: ka biya dukan abin da ke cikin takardar lissafin wata kafin ranar biya ta wuce, ba mafi ƙarancin da suke rubutawa a sama ba. Idan kuɗin ruwan katinka kashi 24 ne a shekara, to kashi 2 ke nan a kowane wata, ma'ana wata ɗaya tak da ka bar bashi ya kwana ya share kashbak ɗin wannan sayayyar gaba ɗaya, a wata na biyu kuma daga jarinka ake yanka. Mu kuma bayan asarar kuɗi akwai batun riba, wanda ba abin wasa ba ne. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyadh a 2000, ta hana mu'amala da katin bashi mai sharaɗin kuɗin ruwa ko da mutum yana da niyyar biya a kan lokaci, yayin da wasu malaman da ke zaune a ƙasashen nan suka sassauta saboda buƙata, bisa sharaɗin kada a taɓa bari ruwan ya hau. Ka zauna da malamin da ka amince da shi kafin ka sa hannu. Idan ka yanke shawarar karɓa, to a ranar da katin ya iso ka ba bankinka umarnin ya riƙa biyan cikakken adadin da kansa duk wata, kuma ka sa wa kanka doka cewa ba za ka sayi abin da ba ka hango kuɗinsa a cikin cinikin watan ba.

Na taɓa ƙonewa a nan, shi ya sa nake nanatawa. Shekarun baya, da wani kati daban da na riga na rufe, na aika kuɗin ragon layya gida ta wani kamfanin aika kuɗi, ina ganin ai har da gyara zan samu. Ashe a wurin banki wannan ba sayayya ba ce, rancen tsabar kuɗi ne. An caje ni kuɗin cirewa nan take, ruwa ya fara hawa tun daga ranar ba tare da wa'adin da ake bayarwa a kan sayayya ba, kashbak kuwa ko sisi. Abin da ya fi damuna shi ne yadda riba ta shiga cikin kuɗin ibada ba da sanina ba, kuma har yau idan na tuna raina yana ɓaci. Kuɗin gida, da na adashi, da na asibitin 'yan'uwa, duk ka fitar da su daga asusunka na kanka. Katin kanti na kanti ne kaɗai, kuma akantanka zai gode maka a lokacin haraji idan bai tarar da kuɗin makarantar yara a tsakiyar rasitan manja ba.

Ka kuma sani cewa sunan kanti da aka buga a jikin katin ba ya kare ka. A cikin takardar da za ka sa wa hannu akwai lamunin kai, wato idan kanti ya gaza biya kai za a bi, ko da ka yi wa kasuwancin rajistar kamfani, kuma makin kiredit ɗinka na kanka, wato makin da ke nuna tarihin biyan bashinka, za a duba kafin a ba ka. Dokar kare masu katin bashi da aka yi a Amurka a 2009 ta fi shafar katunan mutum na kansa, yawancin kariyarta ba ta hau kan katunan kasuwanci ba, don haka duk wasiƙar da aka aiko game da canjin sharuɗɗa ka buɗe ta ka karanta. Idan za ka ba yaron kanti nasa katin a ƙarƙashin asusunka, ka sa masa iyakar abin da zai iya kashewa, domin duk abin da ya saya a wuyanka yake.

Ba ka tambaya ba, amma ba zan yi shiru a kan mayaudara ba, domin sabon kanti kamar zuma yake a wurinsu. Da zarar ka ɗaga allon suna za su fara shigowa da jaka da katin gaisuwa, wasu ma da harshenmu za su yi maka sallama. Wani zai ce ka ba shi ɗaruruwan daloli ya samo maka lambar harajin kasuwanci ta EIN, alhali hukumar haraji ta IRS kyauta take bayar da ita a shafinta, kuma mai kasuwanci shi kaɗai yana iya neman waɗannan katunan da lambar soshal ɗinsa, wato lambar Social Security da gwamnati ta ba shi. Wani zai ce zai wanke maka kiredit idan ka biya shi tun farko, abin da dokar tarayya ta haramta wa masu wannan sana'a kafin su kammala aikin. Mafi haɗari shi ne wanda zai sayar maka da wata lamba mai tara ya ce ka sa ta a madadin soshal, ko ya ce ka rubuta cinikin dala 300,000 a takardar nema alhali ba ka kai rabin haka ba. Yin ƙarya ga banki a takardar neman bashi babban laifi ne a nan, sa hannunka ne a ƙasa ba nasa ba, kuma ga wanda takardunsa na zama ba su kammala ba, abin yana iya wuce batun kuɗi. Akwai kuma masu tayin ba ka jari yau-yau su riƙa cira daga cinikinka na kullum; ka ce su rubuta maka jimillar abin da za ka mayar, za ka ga da yawansu sun fara kame-kame. Kada ka karanta wa kowa lambar sirrin da aka turo maka a waya, ko da ya ce daga banki yake kira. Ka kashe wayar, ka kira lambar da ke bayan katinka.

Gobe da safe ka kira diloli ukun da ka fi saye a wurinsu, ka yi musu tambaya biyu: suna karɓar American Express, kuma suna ƙara wani abu a kan farashi idan da kati aka biya? Idan biyu daga cikinsu suna karɓa ba tare da ƙari ba, ka shiga shafin kamfanin da kanka, ka karanta sharuɗɗan da ke wurin a ranar, ka nemi Blue Business Cash da ainihin adadin cinikinka. Idan ba sa karɓa, ka nemi Ink Business Unlimited. In ka ga dama ka biyo ta kanti bayan sallar Juma'a da rasitanka na wata biyu, mu zauna mu yi lissafin tare. Allah ya ba da sa'a.