Linkejin Cire-da-Hannu a Jeep Wrangler JK: Sharhi Bayan Damina da Rani

Motar da aka ɗaura wa kayan ita ce Wrangler JK mai ƙofa huɗu, samfurin Sport, daga cikin waɗanda aka ƙera tsakanin 2007 da 2018, an ɗaga ta inci biyu da rabi. Kayan kuwa linkeji ne guda biyu da ke maye gurbin na asali a sitabilaizan gaba, irin waɗanda ake zare fin a cire su ba sai da sifana ba. Kamfanoni da dama na yin irinsu, JKS da TeraFlex na cikin sanannu. Nawa ba daga ɗayan biyun nan ya fito ba, kuma ba zan kama sunansa ba, domin galibin abin da zan faɗa ya shafi tsarin ne gaba ɗaya.

Hukuncina tun farko: kayan sun biya kuɗinsu. Sai dai cirewar da ake tallata su da ita ita ce mafi sauƙi a cikin lamarin. Inda aikin yake shi ne tsawon linkejin, da wurin da za a ɗaure ƙarfen bayan an sake shi, da kuma mayarwa.

Ga wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin motar ba, sitabilaiza ƙarfe ne guda ɗaya da aka gitta a gaba, bushi biyu sun riƙe shi a jikin shasi, hannayensa biyu sun lanƙwaso baya, kowanne da linkejin da ya haɗa shi da aksil. In tayoyin gaba suka tashi tare, kamar a kan tudun rage gudu, juyawa kawai yake yi cikin bushinsa. In ɗaya ta hau ɗaya ta sauka, nan ne yake murɗewa yana turjiya. Wannan turjiyar ce ke hana mota kwantawa a kwana. Ita ce kuma ke zama cikas a kwazazzabo, domin tayar da ya kamata ta bi rami ta sauka sai ƙarfen ya riƙe ta a sama tana lilo. A motar da ba ta da makullin difa, wato abin da ke tilasta wa tayoyin hagu da dama juyawa tare, ƙarfin inji ya fi karkata ga tayar da ke sama, ta yi ta wulwulawa a banza. JK na da tsarin da ke danna wa irin wannan taya birki don ƙarfin ya koma ɗayar, yana kuma aiki, amma da fizga da gurnani. Taya a ƙasa ta fi taya a sama ana lallashinta da birki.

A cikin kwalin akwai linkeji biyu masu zare da ake ƙara musu tsawo ko a rage, kowanne da notin kullewa, sanduna biyu gajeru da ake ɗaurawa a kunnen aksil, fin biyu masu zobe, woshoshi, da mazaunin da ake rataye linkejin idan an cire shi. Ɗaurawa ba ta buƙatar jak. Hasali ma kada a ɗaga motar: a tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen wuri, tayoyi huɗu a ƙasa, a ja birkin hannu. Sifana lamba 18 guda biyu ne ke kwance bol ɗin ƙasa. Na sama yana da kan da ke juyawa tare da notin, dole a riƙe shi ta baya, in ba haka ba a wuni ana murɗawa ba abin da ya motsa. Motar da ta sha ruwa da laka, a fesa mata man sassauta tsatsa tun daren jajibiri. Ma'aunin ɗaurin linkejin asali a JK Nm (Newton-mita) 102 ne, amma in takardar kayan ta ba da wani adadi, ita za a bi. Ɓangaren fasinja ya fi matsi, saboda a nan ƙarfen da ke hana aksil zamewa gefe yake da mazauni. Kafin a ɗaure sandar tamau, a juya ta yadda ramin fin zai fuskanci inda hannu ke iya kaiwa. Wanda ya manta da wannan zai tuna ranar da ya kwanta cikin taɓo yana lalube.

Yanzu maganar tsawo, wadda ita ce takardar da ke cikin kwalin ta wuce da layi ɗaya. Idan mota tana tsaye da nauyinta, hannun sitabilaiza ya kamata ya kasance a miƙe daidai da ƙasa, ko ya ɗan ɗaga kai sama kaɗan. Idan an ɗaga mota aka bar gajeren linkeji, hannun zai sunkuya. Ranar da aksil ya sauka iyakarsa alhali linkeji na haɗe, hannun da linkejin sai su miƙe su zama layi ɗaya, daga nan kuma ƙarfen na iya kifewa ta ɗaya ɓangaren. In ya kife, nauyin mota ya dawo kansa, linkeji zai lanƙwashe ko ya karye, yana iya haɗawa da tiyon birki. Dogon linkeji fiye da kima shi ma yana da nasa: kan hannun zai riƙa dukan abin da ke samansa idan mota ta dira. Don haka a riƙe hannun a inda ake so, a auna daga raminsa zuwa sandar aksil, a saita linkejin farko, sannan a ajiye na biyu kusa da shi a kan benci a daidaita su daidai wa daida. Bambancin ƴan milimita tsakanin hagu da dama ya isa ya sa ƙarfen ya zauna a murɗe kullum, kuma shi ne babban dalilin da linkeji ke ƙin zaruwa ko a fili mai kyau. Notin kullewa a ɗaure shi sosai. Nawa na hagu ya saki sau biyu kafin in sa masa gam ɗin zare.

Cirewar kanta: a tsaya inda ƙasa ta daidaita kafin a shiga wurin wahala. A ɗaga zoben, a zare fin, a jawo linkejin daga sandar, a zagaya a yi haka a ɗaya gefen. Da yake ƙarfen guda ne, ɗaga hannu ɗaya na ɗaga ɗayan. A tura shi sama, a rataye linkejin biyu a mazauninsu, a mayar da fin a nan. Minti biyu ya isa. In linkeji ya cije, alama ce motar ba a daidaice take ba. A sa wani ya jijjiga ta ta gefe, ko a matsa gaba taku biyu. Guduma ba ta cikin maganin, bushin kawai za ta farfasa.

Akwai masu cire gefe ɗaya don rage wahala. Turjiyar takan tafi, gaskiya ne, tunda babu abin da ƙarfen zai murɗe a kai. Amma gefen da ke haɗe zai riƙa kaɗa hannun da aka saki sama da ƙasa, da linkeji yana reto kusa da taya, sifirin da tiyon birki. Ban ga ribar minti ɗaya da ta kai wannan kasadar ba. Haka mai ɗaure ƙarfen da igiya ko robar tayar keke: yana yi na wuni guda, amma in ya tsinke hannun zai faɗo, kuma taya na iya kama shi idan an karya sitiyari zuwa ƙarshe.

Bambancin a kan hanya ba ya buƙatar awo. A wurin da ruwa ya zaizaye hanya ya bar rami a karkace, inda da tayar gaba ke tashi motar ta yi tsalle-tsalle, yanzu aksil ne ke karkata, bodi na zaune kusan a miƙe. Wujijjigar nan da ke buga kan mutum hagu da dama a kan duwatsu ta ragu sosai, kuma wannan ne abin da fasinja ke fara lura da shi. Ana hawa da ƙaramar giya ba tare da an taka totur da ƙarfi ba, wanda hakan ke sauƙaƙa wa aksil ɗin gaba na Sport, Dana 30, da ba ya son a fizge shi.

Sai dai sakin ƙarfen na buɗe wa aksil tafiyar da bai taɓa yi ba, kuma akwai abubuwan da ba a shirya su domin ta ba. Kafin fita ta farko, a hau wani tudu da taya ɗaya a hankali har ɗayar ta kusa barin ƙasa, a tsaya, a fito a duba. A gefen da ya sauka: tiyon birki da wayar ABS su kasance da sauran saki, kada su miƙe kamar tsirkiya, sifirin ya kasance zaune a mazauninsa, domin in shokozoba ta fi shi tsawo zai iya fita. A gefen da ya hau: a duba ko taya na cin madigadi. Taya mai inci 35 a kan ɗagawar inci biyu da rabi tana yawan gogawa, maganinta ƙarin tsawon robar da ke tare aksil daga sama. A juya motar a maimaita a ɗaya gefen, sannan a gwada da sitiyari a karye.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne yadda kayan ke tsufa. Linkejin asali a rufe yake, ba ya neman komai har ya mutu. Wannan kuwa sai da giris, kuma giris da ƙura in suka haɗu a kan sandar sun zama kamar sanfefa. Cikin rani ɗaya ramin bushin ƙasa ya ɗan buɗe, aka fara jin ƙwas-ƙwas a kan burji. Ƙarin wosha tsakanin bushi da fin ya rage ƙarar, bai kashe ta ba. Dabarar da ta fi aiki ita ce goge sandar da tsumma duk lokacin da za a mayar, a shafa giris kaɗan sabo. Fin kuma ɓata yake yi: ciyawa ko reshe na iya ɗaga zoben. A sayi guda huɗu na ajiya a jefa a aljihun gaban mota, kuma a saka fin ta yadda zoben zai rufe ya kwanta a jikin sandar, don in aka juya shi ba ya kamawa.

Mayarwa ta fi cirewa gardama, ko yaushe. Gefen farko na shiga salin-alin tunda ƙarfen a sake yake. Na biyu ne ke tsayawa rabin inci sama ko ƙasa da sandar. A fara da gefen da ya fi matsi, a bar mai sarari ƙarshe. In linkeji ya tsaya sama da sandar, a danna bodin a wannan gefen. In ƙasa yake, a ɗaga. Mutum ɗaya na iya yi da kafaɗa a jikin madigadi, biyu sun fi. Kada yatsa ya shiga tsakanin linkeji da kunnen aksil yayin da ake jijjigawa.

Samfurin Wrangler da ake kira Rubicon na yin duk wannan da maɓalli, kuma yana da abin da na hannu ba shi da shi: idan gudu ya wuce kilomita 29 a awa, yakan nemi ya mayar da kansa. Littafin motar ma ya hana hawa kwalta ko wuce wannan gudun da sitabilaiza a cire. Na hannu bai san gudunka ba. Mota doguwa, an ƙara ɗaga ta, ga kaya a rufi, in aka kauce wa akuya da gudun 80 babu sitabilaizan gaba, kwanciyar da za ta yi ba wasa ba ce. Na kan rataya jan ƙyalle a sitiyari duk lokacin da na cire. A rairayi ma ba na cirewa: can ba lanƙwasar aksil ake nema ba, rage iskar taya ake yi, kuma a gefen tudun yashi turjiyar ƙarfen taimako ce. Sitabilaizan baya kuma siriri ne, ban taɓa shi ba.

Masu Hilux da Prado na zamani, waɗanda su ne suka fi yawa a hanyoyinmu, su sani cewa ƙafafun gaban motocinsu kowacce zaman kanta take yi, ba aksil guda ba ne. Abin da za a samu kaɗan ne, kuma ƙarin saukar na iya matsa wa shaf ɗin gaba. Prado 150 ko Land Cruiser 200 mai tsarin KDSS kuwa tana sassauta sitabilaizanta da kanta ta hanyar matsin mai, kada a kai mata sifana. Land Cruiser 70 mai aksil guda a gaba ita ce ta fi kusa da lissafin JK, amma linkejinta daban ne, kayan Jeep ba za su hau ta ba.