Ƙamus ɗin Green na Turancin sara a intanet: ƙarfinsa da inda ya tsaya

Duk wanda ya koyi Turanci a aji, sannan ya fara sauraron masu harshen suna hira a tsakaninsu, ba ya daɗewa yake gane cewa sanin kalma daban, sanin abin da take nufi a bakin wanda ya faɗe ta kuma daban. Idan mutumin Ingila ya ce wani yana "pissed", bugu yake nufi, wato mutumin ya sha ya yi tatul, amma idan Ba'amurke ne ya furta kalmar, to fushi yake nufi, kuma babu abin da ke cikin rubutun kalmar da zai nuna wa mai karatu wanne ne daga ciki. Irin wannan ruɗani ne ya sa na riƙa komawa shafin Green's Dictionary of Slang, har na ga ya dace in bayyana abin da na samu a cikinsa.

Ƙamus ɗin aikin Jonathon Green ne, masanin sara ɗan Birtaniya wanda ya shafe shekaru masu yawa yana tattara irin waɗannan kalmomi. An fara buga shi a juzu'i uku a 2010, aka ɗora shi a intanet a 2016, kuma tun daga 2018 kowa na iya duba shi kyauta. Ya tattaro sarar Turanci ta kimanin shekara 500, daga zaurancen ɓarayi da mabaratan Ingila na ƙarni na 16 har zuwa maganar matasan wannan zamani, kuma bai tsaya kan Birtaniya da Amurka kaɗai ba, ya haɗa da Ostareliya da Niyu Zilan da Ailan da Afirka ta Kudu da tsibiran Karebiyan.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ba ya ba da ma'ana sai ya kawo shaidu. Idan ka rubuta kalma, za ka ga ma'anoninta a jere, a ƙarƙashin kowace ma'ana kuma akwai jimlolin da aka ciro daga jaridu da littattafai da wasannin kwaikwayo, kowace da shekararta da ƙaramar tutar ƙasar da aka samo ta. Da ido kawai mutum zai ga inda kalma ta taso da inda ta yi ƙaura. Kalmar "quid", wadda 'yan Birtaniya ke kiran fam ɗaya da ita, ta samo asali tun ƙarshen ƙarni na 17, alhali mai jin ta yau zai ɗauka maganar 'yan zamani ce. Takwararta "buck" kuwa, wato dala, tun tsakiyar ƙarni na 19 take yawo a Amurka. "Arvo" ta 'yan Ostareliya ce, ma'anarta la'asar ko bayan azahar, kuma ta fito daga ɗabi'arsu ta gutsure kalma su liƙa mata wasali a ƙarshe. Shi kuwa mutumin gabashin Landan da ya ce zai hau "apples and pears", ba 'ya'yan itace yake magana a kai ba, matakalar bene yake nufi, domin sararsu ta ginu ne a kan amsa-amo, inda ake ɓoye kalmar da ake nufi a bayan wadda ƙarshensu ya zo ɗaya.

A nan ne ƙamus ɗin Green ya sha bamban da Urban Dictionary, shafin da Aaron Peckham ya kafa a 1999, wanda mafi yawan mutane ke fara garzayawa gare shi. A can kowa ne ke rubuta ma'ana, masu karatu kuma su jefa ƙuri'ar yarda ko ƙi, saboda haka sabuwar kalma kan bayyana da wuri, amma ma'anar da ta hau sama sau da yawa ita ce wadda ta fi ba da dariya, ba lallai wadda ta fi inganci ba, kuma ba kasafai ake faɗin ƙasar da ake amfani da ita ba. Wanda ke son sanin abin da aka fara faɗa a makon jiya zai fi samun biyan buƙata a can, amma wanda zai yi fassara ko ya rubuta abin da za a riƙe shi a kai, Green ne abin dogaronsa.

Sai dai shafin Green yana da iyaka, kuma ya kamata a san ta tun kafin a shiga. Ƙamus ne na sara, ba na karin harshe gaba ɗaya ba, alhali yawancin kalmomin da ke yi wa baƙo tarko kalmomi ne na yau da kullum waɗanda masu su ba sa ɗaukar su sara ko kaɗan. "Pants" wando ne a Amurka, a yawancin Ingila kuwa kamfai ne. "First floor" a Amurka shi ne hawa na ƙasa, a Birtaniya kuma wanda ke samansa. Idan majalisar Birtaniya ta yi "table" ɗin ƙudiri, ta gabatar da shi ke nan domin muhawara, amma a Amurka an jingine shi ke nan, abin da ya isa ya birkita mai fassarar labarai. A Afirka ta Kudu fitilar ba da hannu a kan titi ita ake kira "robot". Warware irin waɗannan aikin ƙamus na gama-gari ne, kamar na Cambridge da ke intanet, wanda ke sa alamar Birtaniya ko Amurka a gefen ma'ana, har ya ba da sautin furucin ɓangarorin biyu, abin da Green ba ya yi.

Akwai kuma nauyin karatu. Bayanan gajeru ne, cike da taƙaitattun alamomi irin na masana ƙamus, kuma wasu jimlolin shaida tsohon Turanci ne da sai wanda ya goge zai fahimta. Haka nan, tunda sara ta fi yawa a kan giya da kuɗi da laifi da al'aura da zagin ƙabilu, ƙamus ɗin bai tace komai ba, ya kawo su yadda suke. Wannan daidai ne a wajen bincike, amma ba shafin da za a buɗe wa yaro ɗan makaranta a bar shi shi kaɗai ba ne.

Ni dai yadda nake yi shi ne in fara duba kalma a ƙamus na gama-gari, idan ma'anar ba ta zauna da jimlar da ke gabana ba, sai in koma Green in nemi tutar ƙasar marubucin da shekarar da ta fi kusa da rubutunsa. Ta haka na gano cewa Baturen Ingila da ya rubuta cewa yana "chuffed" ba ƙorafi yake yi ba, murna ce ta cika shi.