Dimokurat ko Rifablikan: me mai ƙuri'a a Amurka zai duba kan wariya da auren jinsi?

Bahaushen da ya zama ɗan ƙasa a Amurka, ko a Bronx yake zaune ko a Houston, manyan jam'iyyu biyu ne a gabansa, kuma babu wadda za ta ba shi duk abin da yake so.

Dimokurat ta fi ƙarfi wajen kare baƙi da tsiraru. Dokar da Trump ya kafa a 2017 ta hana 'yan wasu ƙasashe shiga Amurka, wadda ta taɓa Chadi a shekarar nan, sannan Najeriya a 2020, Biden ya soke ta ranar da ya hau mulki a 2021. Sai dai jam'iyyar nan ce mai goyon bayan auren jinsi a fili. Obama ya amince da shi a 2012, Biden kuma ya sa hannu a dokar kare shi a 2022.

Rifablikan ta fi kusa da iyayen da ke son su riƙe tarbiyyar 'ya'yansu. A Janairun 2025 Trump ya ba da umarnin cewa gwamnatin tarayya jinsi biyu kaɗai ta sani, namiji da mace. Amma a Yunin shekarar ya dawo da takunkumin shiga ƙasar, Chadi da Sudan na ciki. Kada ma a zaci bakin 'yan Rifablikan ɗaya: sanatocinsu 12 sun zaɓi waccan dokar ta 2022, kuma alƙali Gorsuch na Kotun Ƙoli, wanda Trump ya naɗa, shi ya rubuta hukuncin 2020 da ya haramta korar ma'aikaci don yana neman jinsinsa.

Nan ne gizo ke saƙar. Hukuncin ya dogara ne da dokar 'yancin jama'a ta 1964, wadda da ita Kotun Ƙoli ta ba wata mai hijabi gaskiya a 2015, bayan kamfanin Abercrombie ya ƙi ɗaukarta aiki. Duk wanda ya yi alkawarin raunana dokar, a tambaye shi wane sashe yake nufi.

A ganina, mai yara a makaranta ya fi mai da hankali kan zaɓen hukumar makarantun gundumarsa, domin a can ake zaɓar littattafai. Rikicin da iyaye Musulmi da Kirista suka yi da hukumar makarantu a jihar Maryland kan littattafan yara masu batun auren jinsi, wanda suka yi nasara a Kotun Ƙoli a 2025, daga can ya taso. Mai jiran bizar matarsa ko mahaifiyarsa kuwa, zaɓen shugaban ƙasa ne ya shafe shi kai tsaye.